Filin Mota da Hanya: Wace Na'urar Nuna Hanya Ce Ta Cancanci Kuɗina?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato na'urar nan da ke nuna wa direba hanya ta tauraron ɗan adam, wadda aka fi sani da GPS. Na zaɓi guda biyar. Ta farkon ce za ta ci mana wuri, domin amsarta ta ɗauke rabin sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramar mota da nake kai kaya shaguna daga Kano zuwa Katsina da Gusau, wani lokaci har Maraɗi da Damagaram. Na ga na'urar nuna hanya iri-iri a kasuwa. Akwai sababbi 'yan China masu faɗin fuska da araha, akwai kuma 'yan kwatano irin su Garmin da TomTom. Wacce zan saya da ba za ta taɓa mini jari ba, kuma ta yi aiki?
Daga wani ɗan kasuwa a Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Kafin mu zo kan suna da farashi, ina so ka gane cewa abu biyu ne a cikin akwatin nan da za ka saya. Na farko kunne ne da ke sauraron taurarin ɗan adam. Na biyu taswira ce da aka zuba a ciki. Kunnen, kusan duk ɗaya ne a kowace na'ura, mai tsada da mai araha. Taurarin GPS na gwamnatin Amurka ne, an harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Da zarar na'ura ta jiyo aƙalla huɗu daga cikinsu, ta san inda take, kuskurenta bai wuce 'yan mitoci ba idan tana fili. Ba a biyan ko sisi don wannan saƙo, kuma tun watan Mayun 2000 Amurka ta daina rage ingancin wanda farar hula ke samu. Yanzu ma ba Amurka kaɗai ba ce a sama: Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, China na da BeiDou, kuma yawancin wayoyin zamani na sauraron fiye da ɗaya. Saboda haka idan mai shago ya ce maka tasa ta fi kama tauraro, shi ya sa ta fi tsada, kada maganar ta ɗauke maka hankali.

Inda kuɗinka zai tafi ko ya dawo, taswirar ce.

Shekarun baya wani aminina ya kawo mini wata 'yar kwatano da ya saya, tsaf da ita, har da kwalinta da mariƙinta. Muka fita ƙofar gida muka kunna. Ta kama tauraro lafiya lau, sai ga kibiya tsaye a tsakiyar fili fetal, babu titi babu lungu. Da muka shiga ciki muka duba, taswirar Jamus ce da Faransa da maƙwabtansu. Na'urar lafiyarta ƙalau, sai dai ba ta taɓa jin sunan Ƙofar Nasarawa ba. Wanda ya sayar masa kuma ya ce an riga an fita da kaya. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo, domin kuɗin da ya tara ne na watanni, kuma gwajin minti biyar ya isa ya hana wannan asarar.

Ga gwajin, ka riƙe shi da kyau. Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ce wa mai shago ku fito waje, inda ake ganin sararin sama, a kunna. Ka ba ta lokaci, domin na'urar da ta daɗe a kashe ko ta zo daga wata nahiya takan yi 'yan mintuna tana laluben taurari, wannan ba ciwo ba ne. Idan ta kama, ka duba ko ta nuna titin da kuke tsaye a kai, da sunansa. Sannan ka rubuta mata garuruwa. Kada ka rubuta Kano ko Abuja, domin na'urori da yawa suna zuwa da wata taswirar duniya ta sama-sama mai manyan birane da manyan hanyoyi kawai, sai ta ruɗe ka. Rubuta mata Ƙanƙara, Kazaure, Tsafe, Mai'aduwa, Matamaye. Ka ce ta zana maka hanya daga inda kake zuwa can. Idan ta zana, ta lissafa kilomita, ta faɗi inda za ka karya kwana, to akwai magana. Idan ta ja maka miƙaƙƙen layi kamar an ɗaura igiya, ka mayar masa da kayansa.

A cikin 'yan kwatanon, Garmin na fi karkata gare ta, kuma dalilina ɗaya ne: tana karɓar taswira daga waje. Akwai wani aikin gayya na duniya mai suna OpenStreetMap, an fara shi a Ingila a 2004, inda 'yan sa-kai ke zana tituna kowa ya ɗauka kyauta. Ana samun taswirar Najeriya da ta Nijar daga cikinsa a tsarin da Garmin ke karantawa, a zuba a katin memori a cikin wata jaka mai suna Garmin, a zura a gefen na'urar. Duk yaron da ya iya kwamfuta a kasuwar waya ta Farm Centre zai yi maka wannan. Don haka ka tabbata wadda za ka saya tana da ramin memori, kuma ramin yana aiki. TomTom kamfani ne na ƙasar Holan mai kaya masu kyau, amma na'urorinsa taswirar kamfanin suke ci, ba a zuba musu ta waje cikin sauƙi. Idan wadda ka samu ba ta zo da ƙasarmu a ciki ba, ka wuce.

Wani abin lura: za ka ga an rubuta LM ko LMT a jikin wasu Garmin, mai shago ya ce maka ai sabunta taswira kyauta ne har abada. Da ƙamshin gaskiya, amma iya tsawon rayuwar na'urar ne, kuma taswirar yankin da aka sayar da ita ake nufi, Turai ko Amurka. Harafin T ɗin kuma na labarin cunkoson motoci ne da aka tsara wa biranen can. Kada ka ƙara ko naira ɗaya saboda waɗannan haruffa.

'Yan Chinan masu faɗin inci bakwai kuwa, araha ba ta ado. Da yawansu tsohon tsarin Windows CE ne a ciki, taswirar kuma kwafi ce da ba ka da inda za ka sabunta ta. Fuskarsu takan dushe da rana, ka riƙa kare ta da tafin hannu kafin ka ga komai, alhali ɗaya hannun na kan sitiyari. Ban ce babu ta ƙwarai a cikinsu ba, amma gwajin nan na waje, da tsakar rana, ya zama dole a kansu fiye da kowacce.

To yanzu ga ra'ayina, tunda shi ka nema. Ga mutum irinka, Alhaji, abin da ya fi riba shi ne ka ware wayar Android guda, ko da ta hannu ce, ka mayar da ita ta mota. Ka sauke mata taswirar Google Maps ta yankunan da kake bi, ka ƙara da Organic Maps ko OsmAnd, waɗanda ke amfani da OpenStreetMap kuma suke ba ka damar sauke Najeriya da Nijar ka ajiye. Na ce biyu ne saboda ƙauyen da ɗaya ta manta, sau da yawa ɗayar ta san shi. Taswirar waya ana sabunta ta kullum, ta akwatin kwatano kuwa mai yiwuwa tun kafin a gina gadojin sama na Kano aka zana ta. Ragowar kuɗin ka kashe a kan abu biyu da mutane ke rainawa: mariƙi mai ƙarfi da ba zai saki waya a ramin farko ba, da caja ta kirki mai isasshen ƙarfi, domin nuna hanya na shan batir sosai, caja mai rauni kuma sai ka ga tana jone amma batir na sauka.

Sai dai waya na da magauci, shi ne zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa, balle bayan gilashin gaba. Wayar da ta sha rana takan rage hasken fuska, ta daina caji, wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya, batir kuma ya kumbura a hankali. Idan motarka na da na'urar sanyaya iska, ka sayi mariƙin da ake maƙalawa a bakin iskar. Idan babu, ka nemi wurin da dashbod ke yi wa inuwa, ka cire mata riga, kuma kada ka taɓa barinta a manne idan ka faka. A nan ne akwatin Garmin ya fi waya: don zaman gilashin mota aka ƙera shi, kira ba ya katse shi, kuma ba ya jan ido kamar waya. Wanda ke wuni a hanya kullum ta Allah, idan ya samu mai kyau da taswirarmu a ciki, bai yi asara ba.

Da za ka ƙetara ta Jibiya ko Kwangwalam, ka sauke taswirar Nijar tun kana gida. Ka kuma tuna taswira ba ta san Damagaram ba sai ka rubuta Zinder, Tawa sai Tahoua, Yamai sai Niamey.

TAMBAYA: Malam, mijina ya saya mini mota 'yar kwatano mai talabijin a gaba. Idan na danna taswira sai wata ƙasa ta fito da rubutun da ban iya karantawa ba. Wani mai wayarin ya ce a cire a sa sabuwa ta Android. In yarda?
Daga wata malamar makaranta a Zariya

AMSA: Hajiya, Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya. Abin da kike gani taswirar ƙasar da aka fara sayar da motar ce, kuma a yawancin tsofaffin motoci babu taswirar Najeriya da kamfanin ya yi wa wannan na'urar. Kada ki biya kowa kuɗin "buɗe ta".

Kafin a kwance komai, a duba ko motar na da Android Auto ko Apple CarPlay. Idan tana da shi, magana ta ƙare: ki jona wayarki da igiya, taswirar wayar za ta fito a fuskar motar. Idan babu, sai ki auna. Na'urar asali sau da yawa tana haɗe da kyamarar baya da maɓallan sitiyari, a wasu motocin har da sarrafa iska, kuma cire ta na iya kashe wasu daga ciki idan aikin bai yi kyau ba. In har za a sa ta Android, kada ki karɓi mai ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 1, za ta riƙa tsayawa tana tunani kina kan shataletale. A nemi mai 2 aƙalla, mai 4 ta fi. A haɗa da soket ɗin da ya dace da motar, kada a yanka wayoyin asali a naɗe da salatif. Akwai kuma wata 'yar eriya mai kamar akwatin ashana da ke zuwa da ita, ita ce kunnen tauraron. A ɗora ta inda babu ƙarfe a samanta, kada a cusa ta can ƙasa cikin tarin wayoyi. Ki ce a ba ki tsohuwar ki ajiye, za ta yi amfani ranar sayar da motar. Ni dai da tawa ce, kuma zirga-zirgar ba ta wuce Zariya da Kaduna ba, mariƙin waya kawai zan saya in bar motar yadda take.

TAMBAYA: Idan na shiga inda babu sabis, ko data ta ƙare, na'urar za ta daina aiki ne?
Daga wani direban haya a Gusau

AMSA: Ɗan'uwa, ba za ta daina ba, muddin taswirar na ajiye a ciki. Saƙon tauraro daga sama yake zuwa kai tsaye, babu ruwansa da layin waya. Ku mutanen Zamfara kun ga wannan da idonku a watan Satumban 2021 lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar: kira ya tsaya, intanet ya tsaya, amma wanda ya riga ya sauke taswira wayarsa ta ci gaba da nuna masa inda yake. Abin da data ke yi shi ne kawo hoton taswirar, da labarin cunkoso, da taimaka wa waya ta kama tauraro da wuri. Don haka manhajar nuna hanya ta Waze, wadda Google ta saya a 2013, ba ta dace da hanyoyinku ba, domin rayuwarta a kan intanet take. Ka gwada da kanka tun kana gida: kashe data, ka nemi hanya zuwa Talatar Mafara. Idan ta zana, ka shirya.

TAMBAYA: Oga, tirela nake ja daga Kano zuwa Legas. Yarona ya sa mini taswira a waya, sau biyu tana shigar da ni lungun da da ƙyar na fito. Akwai wadda aka yi don manyan motoci?
Daga wani direban tirela

AMSA: Akwai, maigida. Garmin na da jerin da ake kira dēzl, inda ake rubuta tsawon mota da tsayinta da nauyinta, na'urar ta kauce wa ƙaramar gada da matsattsen titi. Amma ka tsaya ka ji. Wannan dabarar ba ta aiki sai an rubuta tsayin kowace gada da nauyin da kowane titi ke ɗauka a cikin taswirar, kuma a hanyoyinmu irin wannan bayani ƙalilan ne. Za ka biya kuɗin babbar na'ura, ta yi maka aikin ƙarama. OsmAnd ma tana da wurin zaɓar babbar mota, kuma ita gwada ta bai kai wannan tsada ba. Taswirar da yaronka ya sa maka kuwa lissafin ƙaramar mota take yi, shi ya sa take ganin lungu gajeriyar hanya ce.

Abin da nake so ka yi shi ne ka riƙa zaɓar hanyarka da kanka tun kafin ka tayar da mota, ka sa mata garuruwan da za ka ratsa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma aikinta ya zama lissafin nisa da nuna kwana. Kuma ina roƙonka da girman Allah, kada ka bar wa na'ura zaɓi tsakanin hanyar Birnin Gwari da ta Abuja zuwa Lakwaja. Ita kilomita take ƙirgawa. Ba ta san inda aka tare hanya jiya ba, ba ta san dajin da ba a shiga bayan la'asar ba. A watan Oktoban 2022, da ambaliya ta shanye titi a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye har man fetur ya yi wuya a Abuja, taswirar da ke ajiye a cikin akwati tana nan tana nuna titin lafiya lau. Wannan labari a tasha ake samunsa, a bakin wanda ya fito daga can da safe. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Abu biyu kuma. Wutar tirela bolt 24 ce, ta ƙaramar mota 12, don haka ka karanta jikin caja ka ga an rubuta tana ɗaukar duka biyun kafin ka soka. Sannan ka bar wa yaron mota taɓa na'urar idan kuna tafiya. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suna kama mai latsa waya yana tuƙi, kuma ko ba su gan ka ba, daƙiƙa biyu da ido a kan fuskar waya tafiya ce mai tsawo ga mota mai ɗauke da tan talatin.

TAMBAYA: Malam, idan na sa GPS a mota aka sace ta, zan iya ganin inda take? Kuma me ya sa kwanaki na rubuta Tudun Wada ta nufi wani gari da ni daban?
Daga wani ma'aikaci a Kaduna

AMSA: Yallaɓai, tambayarka ta farko mutane da yawa na ruɗewa a kanta. Na'urar nuna hanya saurare kawai take yi, ba ta aika komai ko'ina, don haka ba za ta gaya maka inda motarka take ba. Ɓarawo ma ita za ta nuna wa hanya. Abin da kake nema ita ce tiraka, wadda ake ɓoyewa a jikin mota da layin waya a cikinta, tana aiko maka da wurin da motar take. Ita sai da sabis, sai da kuɗi a layin, kuma ka tabbata layin da sunanka aka yi masa rajista, lambar sirrin ma kai ka canja ta bayan an gama ɗaurawa.

Ta biyun kuwa, ba laifin tauraro ba ne. Tudun Wada akwai a Kaduna, akwai a Zariya, akwai a Gusau, ga kuma ƙaramar hukuma sukutum a jihar Kano a kan hanyar Jos. Haka Sabon Gari, haka Nasarawa, haka Unguwar Rimi. Na'ura takan ɗauko wadda ta fara zuwa mata. Ka riƙa haɗawa da sunan gari, kuma kafin ka danna tafiya ka dubi yawan kilomitan da ta rubuta. Idan unguwar da ka sani ta minti goma ce ka ga an rubuta awa uku, ka san ta ɗauko wata. Inda ya fi sauƙi, tunda gidajenmu da yawa ba su da lamba, ka ce wa wanda za ka je wurinsa ya tsaya a ƙofar gidansa ya turo maka wurin ta WhatsApp, kai kuma ka adana shi da sunansa tun kana da sabis.